Motar ɗaga kaya: wace taya ta dace da filin aikinku?

A manyan mangazu na Yamai, Maradi da Damagaram, inda ake sauke siminti, shinkafa da taki, motar ɗaga kaya tana ƙara samun wurin zama kusa da ƴan dako. Ita ce ƴar motar nan mai cokula biyu na ƙarfe a gaba, wadda wasu ke ce ma fokilif, wasu kuma su ce Manitou, da sunan wani kamfanin Faransa mai ƙera ta. Yau kan tayoyinta za mu tsaya, don a nan ne masu ita suka fi ɓarnar kuɗɗi, wani lokaci har da hasarar rai.

Motar nan ba ta da sifirin kamar sauran motoci. Taya ce kaɗai ke shanye gargada tsakanin ƙasa da kayan da ke sama. Tayoyin gaba su ke ja, su ke ɗaukar nauyin kaya. Na baya su ke juya motar. In tayar gaba guda ta ɗan fi ƴar'uwarta cinyewa, a ƙasa ido ba ya ganin komi. Amma bari cokula su kai mita 3 da tan 2 na siminti bisa, sai ƴar karkatar nan ta zama babba, ga kuma mutane tsaye ƙarƙashi suna jiran a sauke. Shi ya sa ba a canza taya guda. In za a canza ta gaba, a canza duka biyun, iri ɗaya, kamfani ɗaya.

To wace iri za a saya? Filin da motar ke takawa shi ke ba da amsa, ba farashi ba.

Taya mai iska ita ce ta filin da ba daɓe: rairayi, tsakuwa, ramukan da damina ta bari a harabar da tireloli ke tsayawa. Tana da laushi, tana kama ƙasa, bayan direba ma yana hutawa. Matsalarta ƙusa. Duk wanda ya san wurin da ake farfasa katakon palet ya san ƙusoshi da guntayen waya ba sa ƙarewa a ƙasa. Taya ta sace da hantsi, tirela tana tsaye, direbanta na lissafin awowi, ana neman mai faci.

Saboda haka ne masu mangazu da yawa ke komawa ga taya daskararra, wadda roba ce zalla har ciki, ba iska. Siffarta ɗaya da mai iska, kuma galibi tana hawa janti guda da ita, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Ba ta sacewa, ba ta fashewa, ta fi daɗewa. Ta fi tsada ranar saye, kuma ba a sa ta da hannu, sai da injin matsa, don haka ku tambayi mai sayarwa inda za a sa muku kafin ku biya. A ganinmu, ga mangaza mai daɓen siminti da haraba mai tauri, ita ce zaɓi. Amma tana da hali biyu da masu talla ba sa faɗi. A rairayi mai zurfi tana nutsewa, ta yi ta haƙa rami. Sannan tana tara zafi a cikinta. An yi ta don gajeren zuwa da dawowa, ba don a bi gudron da ita daga wannan unguwa zuwa waccan ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, doguwar tafiya da kaya tana iya dafa robar daga ciki har ta tsage, alhali waje yana nan kamar sabo.

Akwai ta uku, siririyar roba manne da zoben ƙarfe, ta motocin da aka ƙera don cikin ɗaki kawai. Motar da aka yi don ita ba ta karɓar mai iska, kuma da ta fita daɓe cikinta zai dinga gugar ƙasa. Mai shirin sayo mota ta hannu daga waje ya duba wannan tun kafin a yi lodi. Farar taya kuwa, wadda ba ta barin baƙin sawu, ta ɗakunan abinci da magani ce. A mangazar siminti kuɗɗi ne kawai za a ƙara.

Sai batun lamba. Jikin motar akwai ɗan allon ƙarfe da ya nuna nauyin da take ɗauka, takardarta kuma ta faɗi girman taya. Mai tan 2 da rabi yawanci 7.00-12 take sawa gaba, 6.00-9 baya. Mai tan 3, 28x9-15 gaba, 6.50-10 baya. Lambar ƙarshe faɗin janti ce daga baki zuwa baki, da inci. A mai iska za ku ga 12PR ko 14PR, ƙarfin jikin tayar ke nan. Tayar ƙaramar motar kaya ko ta shiga jantin, ba a yi ta don wannan nauyi ba, kada makaniki ya ce muku ai duk ɗaya ne.

Iskar ma ba irin ta mota ba ce. Ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take sha, wannan kuwa tsakanin bar 7 da 10, gwargwadon abin da aka rubuta. A auna da safe, taya na sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba.

Nan muke jan kunnen masu faci musamman. Jantin motoci da yawa gida biyu ne, an haɗe su da noti. Wanda ya fara kwance notin taya tana cike da iska, ƙarfen na iya tashi ya same shi a fuska ko ƙirji, kuma irin wannan yana kisa nan take. A fidda iska duka tukuna, kafin a taɓa ko noti guda. Wajen hurawa kuma a tsaya gefe da dogon tiyo, kada yaron shago ya durƙusa gabanta.

Yaushe taya ta ƙare? A mai iska, in zanen ya shafe ko gefe ya tsattsage. Daskararra kuwa tana da wani layi da ya zagaye gefenta, masu sana'ar na ce mashi 60J. Zane yana iya shafewa tana nan da sauran aiki bisa busasshen daɓe, amma da cin ya kai layin nan, ko roba ta fara ɓarewa gunduwa-gunduwa, a cire ta. Mai sayen ta hannu a kasuwa, layin nan zai fara nema da yatsa kafin a shiga ciniki.