Zare: Daga jirgin ƙasan Ƙaura zuwa ajin 'yan gudun hijira, da wane yare ake koyar da yaranmu?

1/ Hutun da ya wuce na koma gida Ƙauran Namoda, na tarar an kai wani yaro ɗan gudun hijira daga ƙauyukan Zurmi aji huɗu. Aka ce daƙiƙi ne. Na tambaye shi lissafi da Hausa, wallahi kafin in rufe baki ya ba ni amsa. Turancin ne bai ji. Wannan ya sa na bi tarihin abin. Ku biyo ni.

2/ Abin mamaki, bokon Arewa ba da Turanci ya fara ba. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, Kano, da Hausar boko ake karatu. Turanci sai an yi nisa, irin waɗanda suka kai Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920.

3/ Kada ku ɗauka soyayya ce. Turawa na son ma'aikatan En'e ne masu iya rubuta haraji, ba masu ja da Gwamna da yarensa ba. Amma dai yaro kan fara karatu da harshen da yake mafarki da shi.

4/ A 1929 layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura, nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga suka jawo baƙi: Yarbawa, Inyamurai, ma'aikatan jirgi, 'yan kasuwa. 'Ya'yansu suka ɗauki Hausa a kasuwa da wajen wasa. Haka Shinkafi, kasuwarta ta daɗe tana tara Hausawa, Fulani da Buzaye daga Nijar. Mu dama can garin baƙi ne.

5/ A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, ilimin firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa, malaman da aka horar ba su isa ba. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, daga baya a juya Turanci.

6/ A takarda abin ya yi kyau. A aji fa? Littafi da Turanci, jarabawa da Turanci, malam na fassarawa da Hausa, yara na haddace abin da ba su gane ba. Wanda ya yi firamaren gwamnati a wajenmu ya san waƙar nan ta maimaita abin da malam ya faɗa da ƙarfi.

7/ An taɓa gwada wata hanya. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife: shekara shida ana koyar da yara komai da Yarbanci, Turanci darasi ne kawai da ƙwararren malami. Yaran ba su gaza ba, har a Turancin ma sun yi kafaɗa da sauran. Amma ba a faɗaɗa shi a ƙasa ba.

8/ Yaran Fulani makiyaya kuwa tsani biyu suke hawa: Fulatanci a ruga, Hausa a gari, Turanci a littafi. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa. Ku tambayi kanku rugage nawa a dajin Zurmi suka ga makarantar da ta ɗore. Sakacin nan yana cikin abin da muke girba yau.

9/ Waje ma sun sha wannan rigima. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Lau da Nichols, ta ce zaunar da yaran 'yan China a aji ɗaya da kowa ba tare da taimaka musu da yare ba tauye musu haƙƙi ne. Kalifoniya ta taƙaita koyarwa da yare biyu a 1998, ta dawo da shi a 2016.

10/ Mu kuma fa? Nuwamba 2022 Minista Adamu Adamu ya sanar da harshen uwa a duk shekara shida na firamare. Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya ce an soke, Turanci za a yi, wai faɗuwa jarabawa ta yi yawa. Tambayata: yaushe aka buga littattafan, aka horar da malaman, har aka gane tsarin ne ya gaza?

11/ Sannan ga tsaro. Bayan sace ɗalibai a Jangebe da Ƙaya a 2021, an rufe makarantun Zamfara. Iyalai da yawa sun bar ƙauyuka zuwa Ƙaura, Shinkafi da Gusau. Wasu tun 2019 suka tsallaka jihar Maraɗi, inda yaransu suka tarar da Faransanci a allo.

12/ Yaron da ya yi shekara biyu ba aji, aka dasa shi inda shekarunsa suka kai, ana masa magana da yaren da bai ji, me kuke so ya ci a jarabawa? Sai a rubuta sifili, a ce Zamfara ba ta son boko.

13/ Ba na gaba da Turanci, da shi nake karatu a jami'a, kuma ba WAEC ko JAMB sai da shi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ya fara iya karatu da yarensa, a koya masa Turanci da kyau a matsayin darasi, sannan a juya.

14/ Mu ɗalibai da ke dawowa hutu, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura tun 1983, ba mu rasa masu ilimi ba. Kowa ya ɗauki yara biyar na 'yan gudun hijira a unguwarsu, awa ɗaya da yamma, karatun Hausa da ABCD.

15/ Yaron nan yanzu yana karanta sunansa da na garinsu. Ku faɗa min a ƙasa: a wane aji kuka fara gane abin da malam ke faɗa da Turanci? Ni dai sai a JSS 2.