Bob Sheppard, malamin da ya shekara 56 yana kiran sunaye

A wannan karon na zaɓo muku tarihin wani mutum da bai taɓa buga wa ƙungiyar Yankees ko wasa ɗaya ba, amma a shekarar 2000 aka kafa masa allon tunawa a filinta, kusa da na manyan ƴan wasanta. Sunansa Bob Sheppard. Aikinsa shi ne ya zauna gaban makirfo a filin Yankee Stadium na birnin New York, a Amurka, ya faɗa wa jama'a sunan ɗan wasan da zai fito. Iyakar aikin ke nan.

An haife shi a 1910 a unguwar Queens. Ya yi karatu a jami'ar St. John's, ya ƙara a Columbia, sannan ya kama koyar da fasahar magana a gaban jama'a, a sakandare da jami'a. A yaƙin duniya na biyu ya yi aikin sojan ruwa. Da farko ma da Yankees suka neme shi ƙin karɓa ya yi, don wasannin besbol na wancan zamani da rana ake yin su, lokacin da yake cikin aji. Sai da aka yarda wani ya dinga riƙe masa in yana da darasi, kana ya amsa. Ya fara ran 17 ga Afrilu 1951, a kan dala 15 kowane wasa. Ranar ce kuma wani saurayi mai suna Mickey Mantle ya buga wasansa na farko, kafin ya zama gagarabadan da aka sani.

Daga nan har 2007 muryarsa ce a filin, wasanni fiye da 4,500. Ya haɗa da na ƙungiyar Giants ta ƙwallon Amurkawa, kusan shekara 50 daga 1956.

To, me ya sa ake tuna shi? Ni a ganina, saboda abin da ya ƙi yi ne. Ya ƙi ihu. Da zamani ya canja, masu makirfo suka koma tsawa da jan sunan ɗan gida kamar za su tsaga lasifika, shi ya tsaya kan ƙa'idarsa guda uku: magana ta fito sarai, ta zama gajera, ta zama daidai. Lambar riga, suna, ya maimaita lamba, ya yi shiru. Muryar da ya kira ɗan gida da ita, da ita yake kiran baƙo. Sunan farko ma da ya kira a 1951 na ɗan abokan hamayya ne, Dom DiMaggio na Boston.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake yi da suna. In ya ga wanda bai saba da shi ba, kafin wasa sai ya taka ya sami mai shi ya tambaye shi yadda ake faɗa. Dattijo, malamin jami'a, gaban yaron da ya yi jika da shi! Sunayen ƴan Japan da na ƴan Latin Amurka, da wasu ke hadiye rabinsu, shi daɗinsu yake ji. Ya sha ambaton Shigetoshi Hasegawa cikin waɗanda ya fi son furtawa. Mu da ake karanta sunayenmu da rubutun Faransanci ran kiran sakamako, a murɗe su har mai suna ya yi waige-waige, mun san zafin abin.

Kar a ce ina kushe namu. Sankira da maroƙan filin kokawa aikinsu daban ne: kirari suke yi, su tada tsikar jiki, kuma ba su gasar Takobi za ta yi lami. Waɗanda nake tunani su ne samarinmu da ake miƙa wa makirfo a wasan makarantu ko na unguwa, su yi ta ruri har a tashi ba wanda ya ji sunan yaron da ya ci ƙwallo, alhali uwarsa tana cikin taron.

Rashin lafiya ta tsayar da Sheppard a ƙarshen kakar 2007, bai kuma samu yin sanarwa ko sau ɗaya a sabon filin da aka buɗe a 2009 ba. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Derek Jeter, ya ce shi dai kada wani ya kira shi a gida in ba Sheppard ba. Aka naɗi muryarsa, aka dinga sa ta duk lokacin da Jeter zai fito. Sheppard ya rasu ran 11 ga Yuli 2010, saura wata uku ya cika shekara 100, muryar kuwa ta ci gaba da kiran mai lamba 2 har ya yi ritaya a 2014.