Alexander Vinokourov

Alexander Vinokourov tsohon ƙwararren ɗan tseren keke ne na kan titi daga ƙasar Kazakistan. An haife shi ranar 16 ga Satumba, 1973, a arewacin ƙasar, kusa da birnin Petropavl. Ya fara sana'ar tsere a 1998 tare da ƙungiyar Casino ta Faransa, daga baya ya koma Telekom ta Jamus.

Ya samu lambar azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Ya lashe Paris–Nice a 2002 da 2003, ya zo na uku a Tour de France ta 2003, sannan ya ɗauki kambun Vuelta ta Sifaniya a 2006. Sau biyu yana cin Liège–Bastogne–Liège, a 2005 da 2010.

A 2007 gwaji ya nuna an yi masa ƙarin jini ba bisa ƙa'ida ba, aka dakatar da shi shekara biyu. Ranar 28 ga Yuli, 2012, ya ci lambar zinariya a Olamfik ta Landan. A shekarar ya yi ritaya, daga baya ya zama babban manajan ƙungiyar Astana.