Gwajin Kayan Yaƙi a Kwamfuta Kafin Saye

Gwajin kayan yaƙi a kwamfuta hanya ce ta zana jirgi ko motar sulke a cikin na'ura, a jarraba ƙarfinsa da saurinsa a can, tun ba a narka ƙarfe ba. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta mai da hakan manufarta a watan Yunin 2018, don rage ɓata lokaci da kuɗi.

Fitaccen misali shi ne jirgin horar da matuƙa na T-7A Red Hawk, aikin kamfanonin Boeing da Saab. A Satumban 2018 aka ba da kwangilar jirage 351, kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 9.2. Cikin wata 36 aka zana shi har ya tashi, aka yi ta yabo. Sai ga ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka, GAO, a Mayun 2023, ya ba da rahoton matsala a kujerar tsirar matuƙi da manhajar sarrafa jirgin, ga kuma jinkiri na shekaru.

Asalin haɗarin shi ne kwamfuta ba ta san abin da ba a faɗa mata ba, bayanan zanen kuma galibi suna hannun mai sayarwa. Motar da ta ci jarrabawa a allo, in ba a lissafa da laka irin ta fadamar Rima tsakanin Goronyo da Wurno ba, ko hanyoyin ƙauyukan Rabah da damina, gwajin nata da saura. Misali, a Agustan 2024 motocin sulken soja biyu sun maƙale a taɓo a Kwashabawa ta Zurmi, jihar Zamfara, yaran ɗan bindiga Bello Turji suka cinna musu wuta.