Asalin Abin Wuyan Ƙwallon Junifa na Nabaho

A kudu maso yammacin Amurka, inda jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta suka haɗa iyaka, akwai wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar da ake kira Nabaho. Su kuwa Dine suke ce wa kansu. Ƙasarsu tudu ce mai jan dutse, ruwan sama kaɗan ne, amma akwai wata gajeriyar bishiya mai jure fari da ta cika ta, wadda Turawa ke kira junifa. Ganyenta ba ya kaɗewa rani da damina, 'ya'yanta ƙanana ne masu shuɗi-shuɗi, kowanne da ƙwallo mai tauri a ciki.

To, ga yadda ƙwallon nan ke zama abin ado. Ba a bishiya ake tsinko shi ba. Sai 'ya'yan sun nuna sun zuba ƙasa, sannan kurege da 'yan uwansa masu tara abinci su kwashe. Su huda ƙwallon ta gefe guda, su cinye abin da ke ciki, su yar da ɓawon. Wasu masu sana'ar kuma cewa suke tururuwa ce ke yin wannan aikin. Ko ma wane ne, rabin wahalar dai an ɗauke wa mutum, ba da ko sisi ba.

Daga nan sai mata da yara su bi gindin itatuwa da bakin ramuka suna tsince. Aikin na son haƙuri, don dole a duba ɗaya bayan ɗaya a ware masu huda. In an kawo gida a wanke, a shanya, a sa allura a huda ɗaya gefen, a zura a zare. Daga baya da fatake suka kawo 'yan duwatsun gilashi masu launi, sai aka riƙa jera su tsakanin ƙwallayen.

Tun asali ba don kwalliya kaɗai ake yin abin wuyan ba. Nabaho suna ɗaukarsa kariya ce daga mugun mafarki da miyagun iskoki, shi ya sa ake rataya wa yara, kusan yadda ake yi da laya. Bishiyar ma kanta tana da daraja a wurinsu, har tokarta suke zubawa a kunun shuɗiyar masara.

Yau matafiyin da ya ratsa ƙasar Nabaho ya nufi babban kwazazzabon da ake kira Giran Kanyon zai tarar da rumfuna a bakin titi, mata sun baje sarƙoƙin wuya da na hannu, baƙi na tsayawa suna saye.