Ko Taron Jama'a Yakan Hana Taimako?

A ran 13 ga Maris, 1964, kafin asuba, wani mutum ya sassoki wata mace mai suna Kitty Genovese da wuƙa kusa da gidanta a birnin New York, har ta mutu. Bayan mako biyu jaridar New York Times ta buga cewa maƙwabta 38 sun shaida abin, amma ba wanda ya kai mata ɗauki.

Labarin nan ya dami malamai biyu masu nazarin halin ɗan'adam, John Darley da Bibb Latané. Suka shirya gwaji, suka buga sakamakonsa a 1968. Sukan zaunar da ɗalibi shi kaɗai a ɗaki, yana zance da waɗansu ta na'urar magana. Can sai ya ji wani yana neman agaji kamar farfaɗiya ta kama shi, alhali muryar an riga an naɗe ta. Cikin ɗaliban da suka zaci su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin 100 sun fita neman taimako kafin muryar ta yanke. Waɗanda suka zaci akwai waɗansu huɗu kuwa, kashi 31 kawai. Kowa ya bar wa wani. Daga nan littattafan makaranta suka shiga koyar da cewa yawan mutane yakan hana agaji.

Amma ɗakin gwaji ba titi ba ne. Ɗalibin nan bai ga fuskar mai ciwon ba, bai kuwa ga abin da sauran ke yi ba. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba rigima 219 da kyamarorin tsaro suka ɗauka a Amsterdam, da Lancaster, da Cape Town. A tara cikin goma, an sami wanda ya shiga tsakani, kuma in taron ya fi yawa, samun mai rabon faɗa ya fi sauƙi. Wannan bai ƙaryata malaman farko ba. Su sun auna ko mutum ɗaya zai motsa, amma wanda ake duka bukatarsa wani ya zo, ko wane ne.

Labarin Kitty ma an sake tona shi. A 2016 jaridar da kanta ta amince an yi ƙari a ciki. Ba wanda ya ga kisan daga farko har ƙarshe, kuma wata maƙwabciyarta ta sauko ta rungume ta har motar asibiti ta iso.