Ihu Bayan Hari: Tarihin Bincike da Kamu a Tekun Ƙanƙara

Can ƙarshen duniya ta kudu akwai wani teku da ya kewaye nahiyar Antatika, inda ƙanƙara ke yawo a kan ruwa kamar duwatsu. Babu gari a bakinsa, babu Sarkin Ruwa da zai ce yau an buɗe kamu, gobe an rufe. Dukiyar da ke cikinsa ta kowa ce, abin kowa kuwa ba shi da makiyayi. Na bi tarihin wannan teku na shekaru 120 da suka shige, na tarar da abu guda yana ta maimaituwa: jirgin kamu ne ke fara isa, jirgin bincike ya biyo sawunsa. Manufata a wannan muƙala ita ce in nuna yadda aka yi ta fafutukar juya wannan tsari, da inda aka kwana.

A shekarar 1904 wani ɗan ƙasar Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa sansanin Grytviken a tsibirin Jojiya ta Kudu domin farautar wel, dabbar nan mai shayarwa da ta fi kowace halitta girma a teku. Kitsenta ake narkewa a yi mai, Turai ta yi sabulu da man shafa wa burodi. Birtaniya, mai iko da tsibirin, ta ga ana kamun wuce gona da iri, sai ta ɗora haraji a kan man, ta ɗauki nauyin wani gagarumin bincike da kuɗin. A 1925 jirgin Discovery ya tashi a ƙarƙashin jagorancin Stanley Kemp. Masana suka tsaya cikin jini da ɗoyi a farfajiyar fiɗa, suka auna gawarwakin wel sama da 1,600, suka gano abincinsu da lokacin haihuwarsu. Daga baya suka riƙa harba musu 'yan sandunan ƙarfe masu lamba, domin in an kama dabbar a san inda ta bi.

Sai dai a wannan shekara ta 1925 ne kuma aka fito da jirgin da ke jan wel cikinsa ya feɗe ta a tsakiyar teku. Mafarauta suka daina buƙatar tsibiri, suka kuɓuce wa haraji da doka. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗiyar wel sama da 29,000. Hukumar kula da farautar wel ta duniya, wadda yarjejeniyar 1946 ta haifar, ta yi aiki da wani ma'auni mai ban takaici: shuɗiya ɗaya daidai take da biyu na wani jinsi, ko shida na wani. Da mai ake lissafi, ba da rai ba. Masana sun yi ta gargaɗi, ƙasashe suna ta jinkiri, har shuɗiyar wel ta Antatika ta koma ƙasa da kashi 1 cikin 100 na yawanta na asali. A 1993 kuma masanin Rasha Alexey Yablokov ya tona cewa jiragen Tarayyar Sobiyat sun shekara da shekaru suna miƙa alƙaluman ƙarya. Ashe wani sashe na lissafin masana a kan rairayi aka gina shi. A ganina binciken Discovery bai ceci wel ba. Abin da ya yi shi ne rubuta tarihin hallakarta daki-daki. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Da wel ta ƙare, sai ido ya koma kan kifi. A kakar 1969 zuwa 1970 jiragen Sobiyat sun kwashe kimanin tan 400,000 na wani kifin duwatsu mai zane-zane a kewayen Jojiya ta Kudu, tun kafin wani ya san yawansa ko shekarun da yake ɗauka kafin ya fara ƙwai. Cikin kaka biyu aka ga bayansa, ya kuma shafe gomman shekaru bai farfaɗo ba.

Na uku a layi shi ne kiril, wani ɗan jatan lande da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi zama ginshiƙin gidan ba, domin wel da tsuntsun fengwin da dabbar sil da kifaye da dama duk da shi suke rayuwa. A nan ne tsohuwar zuma ta yi magani. Ma'aikatan Discovery sun shafe shekaru suna tara samfurinsa, har James Marr ya wallafa babban nazari a kansa a 1962. Saboda haka lokacin da jiragen kamu suka juyo kansa a shekarun 1970, masana suna da hujjar cewa wanda ya taɓa kiril ya taɓa kowa. A 1981 jiragen bincike na ƙasashe da dama suka haɗu a ƙarƙashin shirin BIOMASS, suka auna yawansa da na'urar da ke tura sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa.

Wannan fargaba ce ta haifi yarjejeniyar kiyaye halittun tekun Antatika, wadda aka ƙulla a Kanbera a 1980, ta fara aiki a 1982. Hukumarta, CCAMLR, tana zaune a Hobart ta ƙasar Ostiraliya, Afirka ta Kudu da Namibiya na cikin mambobinta. Sabon abu a cikinta shi ne ba kifin da ake kamawa kaɗai take dubawa ba, har da masu cin sa, ta kuma hana duk wani sauyi da ba zai gyaru cikin shekaru 20 zuwa 30 ba. A aikace, masana kan je mazaunin fengwin su ƙidaya sheƙa, su auna nauyin 'ya'ya, su lura da tsawon lokacin da iyaye ke ɗauka wajen neman abinci. In tafiyar ta yi tsawo, alama ce ta cewa kiril ya yi ƙaranci. A 1991 aka sa iyakar tan 620,000 a yankin kudu maso yammacin Atilantika, wadda ba za a ƙetare ba sai an san yadda za a rarraba kamun. Ƙidayar 2019 ta nuna kimanin tan miliyan 62 a yankin, ke nan iyakar kusan kashi 1 ce cikin 100.

An samu nasarorin da ba a musu. Dogayen igiyoyin ƙugiya da ake kama kifin nan mai haƙora da su sun riƙa nutsar da dubban tsuntsayen albatros, har bincike ya nuna mafita mai sauƙi: a zuba ƙugiya da dare, a ɗaura mata nauyi ta nutse da sauri, a rataya tsummoki masu korar tsuntsu. Mutuwar ta ragu har kusan babu a kewayen Jojiya ta Kudu. Satar kifin kuwa an rage ta da takardar shaidar kamu da aka fara a 2000. Labarin ya taɓo mu ma: jirgin ɓarayin kifi mai suna Thunder yana ɗauke da tutar Najeriya lokacin da aka fara bin sa daga Antatika, Najeriya ta soke rajistarsa, ya nutse kusa da Sao Tome a Afrilun 2015 bayan kwana 110 ana fafarar sa. A 2016 kuma aka keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 na Tekun Ross.

Duk da haka ban ga dalilin guɗa ba tukuna. Hukumar ba ta yanke hukunci sai kowa ya yarda, don haka ƙasa ɗaya kan iya taka shawarar masana ɗari. A 2024 dokar da ke tilasta rarraba kamun kiril ta faɗi saboda rashin daidaito. Shekarar da ta biyo baya aka cika tan 620,000 a karon farko, aka rufe kamu tun kaka ba ta ƙare ba. Matsalar ba yawan abin da aka ɗiba ba ce kaɗai, wurin da aka ɗiba ne: jiragen sun fi taruwa a bakin mazaunin fengwin, a yankin da ɗumamar yanayi ke cinye ƙanƙarar da 'ya'yan kiril ke fakewa a ƙarƙashinta.

Darasin ya haura zuwa ɗaya ƙarshen duniyar. Da ƙanƙarar tekun Atik na arewa ta fara janyewa, masana sama da 2,000 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2012 suna roƙon a dakata. A 2018, a garin Ilulissat na Girinlan, ɓangarori 10 suka amince ba za a yi kamun kasuwanci a tsakiyar tekun ba, sai an yi bincike. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2021, wa'adinta na farko shekaru 16. Sun ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, darajar bincike ba a yawan littattafansa take ba, a lokacin zuwansa take, da kuma kunnen da ya saurare shi. Masanan 1925 sun san gaskiya, amma sun iske an riga an wasa wuƙa. Masanan yau sun fi su kayan aiki, a arewa ma sun riga masunta isa. Abin da ya rage shi ne ranar da wa'adin zai cika a 2037, a ga ko ƙasashen da suka yi haƙurin jiran amsa za su yarda da ita in ta zo ba yadda suke so ba.